Shawarwarin malamai kan amfani da “kick off”

Malaman Turanci da suka tattauna a kan “kick off” sun yarda cewa ma'anarsa farawa ce, kuma daga filin ƙwallon ƙafa ya fito, wato bugun farko da ake take wasa da shi. Daga nan ya bazu zuwa taro, biki, yaƙin neman zaɓe da duk wata hidimar jama'a. Za ka ji an ce “the meeting kicks off at 9”, taro zai fara da ƙarfe 9 ke nan.

Inda suka fi daɗewa shi ne wurin zaman kalmomi, don nan ɗalibai suke tuntuɓe. Kana iya cewa “kick off the meeting” ko “kick the meeting off”, duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya. “Kick it off” ake cewa, “kick off it” kuskure ne. A ganina wannan ƙa'idar ta fi komai amfani, domin haka take aiki a “turn on” da “put off” ma.

Wasu sun ja kunne cewa maganar yau da kullum ce. A wasiƙar neman aiki ko wasiƙar hukuma a jarrabawar WAEC, gara a rubuta “begin” ko “start”.

A kula kuma, a bakin mutanen Ingila “it kicked off” na iya nufin rigima ta kaure, don haka sai a duba abin da ake magana a kai kafin a fassara.