Tambaya a kan lambar siga: laburaren dainoso da na rubuta ya tsayar wa abokaina aiki

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ke nan ina gina wani mod, wato ƙari da ake ɗora wa wasan kwamfuta na Minecraft, a kan Forge, manhajar da ke loda irin waɗannan mod, a sigar wasan ta 1.20.1, wanda ya ƙunshi dainoso na ƙasar Nijar. Abin da ya sa na fara shi ne na lura cewa yawancin abin da muke saukewa dabbobin Amurka ne suka cika shi, alhali a Gadufawa da ke hamadar Tenere an tono Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1999, an kuma tono Suchomimus da Ouranosaurus.

Da aikin ya yi nisa, sai na ware ɓangaren da ke kula da tafiyar dabba da kiwonta da yin ƙwai, na mayar da shi laburare mai zaman kansa, wato tarin umarni da wasu mod za su iya kira, kuma abokaina biyu, ɗaya a Tudun Wada ɗaya a Zariya, suka gina nasu mod ɗin a kansa. A makon jiya na sauya sunan wani umarni a cikin laburaren, na kuma gyara sunan rajista na Suchomimus, wato sunan da wasan yake gane dabbar da shi a ciki, domin na rubuta shi da kuskure tun farko, sannan na ɗaga lambar sigar laburaren daga 1.2.0 zuwa 1.2.1 a bisa tunanin cewa ƙaramin gyara ne. Wasan abokan nawa ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wanda ya fi damuna shi ne ƙanena, da ya shafe wata biyu yana tara garke: ya buɗe duniyarsa ya tarar da shinge da ƙofa a tsaye, ciki babu dabba ko ɗaya, ya daɗe yana kallon allon bai ce mini komai ba. Ina roƙon masana su nuna mini wace lamba ta kamata in sa, da yadda zan kauce wa maimaita wannan.

Malamin Kwamfuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuskuren yana wurin da ka auna gyaran da yawan aikin da ka yi, alhali ana auna shi ne da abin da zai faru da wanda ya dogara da kai. Tsarin da aka fi bi shi ne SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya rubuta. Lambobi uku ne: ta ƙarshe ana ɗaga ta idan an gyara kuskure ba tare da an taɓa yadda ake kiran laburaren ba, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu kuma tsohon yana nan yana aiki, ta farko kuwa idan an sauya ko an cire wani abu da mutane suke kira daga waje. Sauya sunan umarni, ko da harafi ɗaya ne, ya shafi lambar farko, don haka 2.0.0 ce lambar da ta dace da abin da ka fitar.

Amma da ni ne, da ban kai ga 2.0.0 ba tukuna. Sai in bar tsohon sunan yana aiki, ya riƙa miƙa kira ga sabon, in yi masa alamar cewa za a janye shi nan gaba, in fitar da 1.3.0, abokanka su samu sararin gyara nasu a hankali. Tsarin ya kuma hana a taɓa abin da ke cikin sigar da aka riga aka fitar, saboda haka kada ka sake ɗora wani fayil da sunan 1.2.1, ka fitar da 1.2.2 da ta dawo da tsofaffin sunaye. Abokanka ma suna da nasu aikin, wato su rubuta iyakar sigar da suke karɓa a cikin mods.toml, fayil ɗin da ke bayanin mod ɗinsu, misali [1.2,2.0), ma'ana daga 1.2 zuwa ƙasa da 2.0, domin Forge ya faɗa musu a fili cewa siga ba ta dace ba maimakon wasan ya faɗi a tsakiyar tashi.

'Yar Barnawa:

Malam ya yi bayanin lambobin yadda ya kamata, sai dai ina ganin batun garken ƙanenka ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Wasan yana ajiye kowace dabba ne da sunan rajistarta, kuma idan ya buɗe yankin da take ya tarar babu wannan suna, sai ya watsar da ita, da zarar ya sake ajiye yankin kuwa ta tafi ke nan. Wannan ya sa nake ɗaukar sunan rajista a matsayin alkawari tsakaninka da 'yan wasa, daidai da alkawarin da ke tsakaninka da masu rubuta mod. Kuskuren rubutu a sunan rajista ba ya cutar da kowa, tunda abin da ɗan wasa yake gani yana fitowa ne daga fayil ɗin harshe, kuma a can za ka gyara shi. Mojang da kanta, wato kamfanin da ya yi Minecraft, lokacin da ta sauya tsarin sunayen tubalan wasan a sigar 1.13 a shekarar 2018, sai da ta haɗa da hanyar juya tsofaffin duniyoyi, kuma duk da haka masu mod da yawa sun daɗe a kan tsohuwar sigar 1.12.2.

Akwai wani abu da ya keɓanta da dainoso, wanda za ka ci karo da shi ko ba daɗe ko ba jima: ilimin kansa yana sauyawa. Spinosaurus, wanda Ernst Stromer ya bayyana a 1915 daga ƙasusuwan Masar da suka halaka a harin bam na Munich a 1944, ya samu sabuwar siffa a 2014 lokacin da Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka nuna gajerun ƙafafun baya, a 2020 kuma suka bayyana faffaɗar jela mai kama da filafilin kwalekwale. Idan ka sake zana dabba don ta bi sabon bincike, kuma fata da launi kawai suka sauya, lambar tsakiya ta isa. Idan kuwa girmanta ya ƙaru har ba ta shiga ƙofar da 'yan wasa suka gina mata, ko ka sauya sunayen gaɓoɓin da wasu suke motsa ta da su, to ka karya wa mutane aiki, ko da kuwa wasan yana tashi lafiya.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Yaya. Allah ya sa na kwafi duniyar ƙanen nawa a filashi kwana goma kafin abin ya faru, saboda yawan ɗaukewar wuta, don haka abin da ya rasa bai wuce 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga baya ba. Tambayata ta ƙarshe ita ce, idan na koma sigar wasan da ta fi 1.20.1, a ina zan nuna hakan a lambar?

Malamin Kwamfuta:

Ka sa sigar wasan a gaban taka, kamar 1.20.1-1.3.0, wanda ya yi kusa da abin da jagorar Forge take ba da shawara, domin mai saukewa ya gane tun daga sunan fayil, kada ya ƙona datarsa a kan abin da ba zai yi masa aiki ba. Ka kuma sani cewa daga 1.20.5 wasan yana buƙatar siga ta 21 ta Java, manhajar da yake gudana a kanta, ba ta 17 da kake amfani da ita yanzu ba, saboda haka ka sanar da abokanka tun da wuri, kuma ka fara ba su siga mai alamar gwaji, kamar 2.0.0-beta.1, su gwada a kan kwafin duniyarsu kafin ka ɗora ta a shafukan sauke mod na CurseForge ko Modrinth.