Shawarwarin zaman Damagaram kan amana tsakanin masu kare matafiya

Maganar Asamaka, garin Nijar da ke kan iyaka da Aljeriya, ita ce ta cinye zaman. Nijar ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a 2023, amma Aljeriya ba ta daina kora ba: ana sauke baƙi kilomita 15 daga garin, su tako cikin rairayi, matan Kance ta yankin Damagaram kuma a maido su a manyan motoci. Aka ce 'yan uwanmu na Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, su riƙa bugo waya tun motoci ba su taso ba, a tanadi ruwa da masauki.

Wata hajiya ta ja kunne: kada a ba kowa sunan matafiyi ko hotonsa sai da yardarsa, ko da ƙungiyar Turai ce mai kawo kuɗi. Ni ma nan na tsaya. Kuɗin kuwa, a karanta lissafinsu gaban kowa.