Me ya sa harsashi ya yi ƙaranci a Amurka lokacin korona?

To ga abin da na tsinta daga wata hira da aka yi kan wannan tambaya. Kusan kowa ya yarda cewa tsoro ne ya fara jawo matsalar, tun watan Maris na 2020 da aka fara kulle mutane suka yi dafifi a shagunan bindiga, sai ga zanga-zangar kisan George Floyd, baƙar fata da ɗan sanda ya kashe, a Mayu, ga kuma zaɓen Nuwamba, kowa na tunanin za a tsaurara dokar mallakar bindiga. A shekarar, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi binciken tantance masu sayen bindiga kusan miliyan 40, kuma da yawansu sabbin shiga ne, kowa kuwa da ya sayi bindiga sai ya nemi harsashi.

Ɓangaren masana'antu ma ba sauƙi, ma'aikata na kwanciya ciwo, kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da harsashi ya karye a Yuli 2020 masana'antarsa ta Arkansas ta kusa tsayawa cik har sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta, sannan ɗan abin nan na gindin harsashi mai kunna albarushi shi ma ya yi wuya. Wasu sun dage wai gwamnati ce ke ɓoyewa, ni dai ban ga hujja ba.

Shawarar da aka fi maimaitawa: kar ka bi ruɗu ka tara kwalaye, haka ne ke ƙara tsadar, ka guji shafukan bogi masu karɓar kuɗi su gudu, ka tsaya kan dila mai lasisi kawai.