Zuciya ce ke bugun ƙwallon sofbol, ko ido?

Koci: Jama'a, ina nan kan bakana. A sofbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, abin da mai bugu ke faɗa wa kanta ya fi ƙarfin damtsenta aiki. Gwana ma, a fitowa 10, sau 6 ko 7 haka take komawa benci ba ta tsinana komai ba. Wadda ba ta iya lallashin kanta ba, kuskure biyu ya isa ya karya mata gwiwa.

Baban Ummi: Koci, da girmanka, ban yarda ba. Tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 43 ne kacal, wajen mita 13. A 2012 Monica Abbott ta jefa ƙwallo da gudun mil 77 a awa. Kafin rabin daƙiƙa ta cika, ƙwallon ta iso. Da wane lokacin za a yi zancen zuci?

Koci: Ai ba sai an saki ƙwallo ake yi ba, Malam. Tun kafin mai bugu ta shiga ne. Ta daidaita ƙafa, ta ja numfashi, ta ce da kanta "duba hannun mai jifa". Shi ke nan.

Baban Ummi: To ga Albert Pujols. Waye ya kai shi dakiya a besbol, ɗan'uwan sofbol? Amma a 2004 Jennie Finch, mai jifan sofbol, ta tsaya gabansa tana jifa ta ƙasa, ya yi ta dukan iska. Zuciyarsa lafiya lau, idonsa ne bai saba da wannan jifan ba.

Auta: Yaya, to Yukiko Ueno fa? Jifa 413 cikin kwana biyu a gasar Olamfik ta Beijin, 2008, har Japan ta doke Amurka 3 da 1.

Baban Ummi: Ƙanwata, wannan mai jifa ce. Maganar masu bugu muke.

Anti Malama: Ku bari in sa baki. A 2011 wani masani mai suna Hatzigeorgiadis da abokan aikinsa a Girka sun haɗa bincike 32 kan maganar da ɗan wasa ke yi wa kansa. Sun ga tana taimakawa, amma daidai gwargwado. Abin da ya fi jan hankalina: a aikin da ke son saiti, kalmar tuni irin "ido kan ƙwallo" ta fi ta zuga irin "za ki iya" amfani. Kuma ko an ga masu dakiya sun fi bugu, wa ya haifi wani? Wadda sandarta ke ci kullum ai dole ta yi wa kanta magana mai daɗi.

Koci: Anti, kin ba ni gaskiya ke nan.

Anti Malama: Rabi na ba ka, kada ka gudu da ita duka.

Baban Ummi: Ni dai a kawo min yarinyar da ta tsaya gaban jifa dubu, ko bakinta a rufe yake.

Koci: A rufe a waje, Malam. Ka shiga cikinta ka ji?