Shawarwarin Matafiya Kan Doguwar Tafiya da Mota Mai Ɗaki

A wata tattaunawa da direbobi da 'yan kasuwa suka yi a Kano kan ratsa Najeriya da mota mai ɗaki, wato wadda ake girki da kwana a cikinta kamar yadda aka saba a Amurka, an fi daɗewa a kan batun kwana. Mafi yawansu sun ce kada gadon da ke cikin motar ya ruɗi matafiyi har ya yada zango a daji. A yi tuƙi da rana, a kwana cikin gari, a harabar masauki mai masu gadi. Sun kuma ja kunne cewa a rufe tukunyar gas kafin a kama hanya, kada kuma a bar janareto a kunne kusa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Game da abinci kuwa, shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a ci inda direbobin manyan motoci suke cincirindo, saboda abincin wurin ba ya kwana. An ambaci masar Bauchi, da dankalin Jos, da kifin Lakwaja inda kogin Kwara ya haɗu da na Binuwai, sannan amala da miyar ewedu a Ibadan. Wanda zai nausa kudu ya riƙa tambayar irin naman da aka sa da wanda ya yanka shi, ya kuma yi guzurin kilishi da garin kwaki da isasshen ruwan sha.