Neman shawara: Shin binciken muhalli na hunturu zai wadatar kafin mu fara gini?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kirikasamma, kuma mun samu fili a gefen fadama inda muke son kafa injin casa da tafkunan kifi. Filin gadon surukin shugabanmu ne, kuma sai da aka sha fama da magada kafin ƙanwarsu da ke aure a Gumel ta amince ta sa hannu, wanda shi ya sa muka makara. Masu ba mu rance sun ce sai mun kawo rahoton binciken muhalli. Masanin da muka ɗauka ya ce zai fara aiki yanzu cikin hunturu, amma dole ya dawo da damina. Mun riga mun sauke siminti da bulo, 'yan ƙungiya kuma sun fara yi mini kallon wanda ya ci kuɗi. Shin binciken hunturu kaɗai ba zai isa ba?

Tsohon malamin gona: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, masanin bai yaudare ka ba. Akwai aikin da hunturu ne lokacinsa: tsuntsayen da ke tahowa daga Turai suna cika dausayin Haɗeja da Nguru a waɗannan watanni, shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, kuma dajin Baturiya da ke maƙwabtaka da ku yana cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya ta amince da su tun 2008. Yanzu ne kuma za a iya taka filin a ƙirga goruba da kanya da tsamiya, a ɗebi ƙasa, a duba zanen laka da ambaliya ta bari a jikin itatuwa, a ga inda shanu ke bi zuwa mashaya. Amma ciyayi sun bushe ba a gane su, kwaɗi sun ɓuya, gaiwa ta shige cikin laka, shamuwa kuma ba ta nan sai ruwa ya kusa sauka. Ko gawo ma zai ruɗi baƙo, domin yanzu yake da ganye, da damina kuwa ya kaɗe. Abin da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta saba nema shi ne bayanan rani da na damina. Ka ajiye simintin nan kawai.

Wani ɗan kasuwa daga Haɗeja: Baba, da girmanka, amma dokar binciken muhalli ta 1992 ta fi shafar manyan ayyuka, irin su busar da dausayi mai faɗin hekta 100 ko fiye. Ƙaramin injin casa ba lallai ne ya kai ga cikakken bincike ba. Sakatare ya fara tambayar masu rancen a rubuce ko wane irin rahoto suke nufi. Filin naku hekta nawa ne ma?

Mai tambaya: Alhaji, filin ba shi da wani girma. Kuma ba da ka muka sayi simintin ba, mun ga farashi na hawa ne, kuma duk da yardar 'yan kwamiti aka yi.

Wata manomiya daga Auyo: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba a tuna muhalli sai talaka zai ɗora bulo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki suna kwana a cikinta suna wayar gari a kan shinkafarmu. Gonar mahaifina yanzu kachala ce zalla, ko kwalekwale ba ya ratsawa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa da takarda ya tambaye mu.

Tsohon malamin gona: Hajiya, abin da kika faɗa shi ne hujjata, domin aikin da ba a auna ruwansa ba na ƙasa da shi ne ke biyan bashinsa. Alhaji kuma, girman fili ba shi kaɗai ake dubawa ba. Kusanci da dausayi na iya ɗaga matsayin aiki, kuma ma'aikatar ce ke yanke wannan bayan ta ziyarci wurin. Sakatare, ina ruwa ya tsaya a filin lokacin ambaliyar 2022, kuma ina za ku zubar da ruwan tafkunan kifin?

Wani matashi mai aikin awo: Ranka ya daɗe, akan yarda da binciken lokaci ɗaya idan akwai rahoton baya-bayan nan na wani aiki da ke kusa wanda za a cike gurbin damina da shi, amma sai an nemi izini tukuna. Sai dai a sani cewa ƙurar hunturu tana hauhawar da awon gurɓatar iska, dole a bayyana hakan a rahoton.

Tsohon malamin gona: Yaro, rahoton wani wuri ba zai nuna masa inda ruwa ke kwanciya a filinsa ba.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Maganar 2022 kuwa, shekarar ko'ina ruwa ya ci, don haka ban ga dalilin yin hukunci da ita ba. Shugabanmu ya ce za mu fara zagaye filin da katanga kawai, tunda katanga ba gini ba ce, masanin kuma ya ci gaba da ƙirga tsuntsayensa. Akwai wanda ya san ko masu rance za su ɗauki katangar a matsayin fara aiki?