Bangon laka ya ƙi riƙe ƙarfen talabijin

Salamu alaikum, masu sana'a. Gida ne a Birni, nan Damagaram: bangon laka mai kaurin santimita 40, da siririn shafen siminti. Talabijin inci 55 ce, kilo 14, ƙarfen ratayewar kuma mai hannu ne da ke miƙowa. An huda ramuka huɗu na milimita 10, an cusa roba mai riƙe ƙusa a rami, an ɗaure tam. Ana jawo hannun sai robobin sama biyu suka fito da garin ƙasa. Siminti kaɗai suka kama.

Shin a huda bangon har waje, a zura dogon ƙarfe M10 (mai kaurin milimita 10) mai noti, a tare shi da farantin ƙarfe? Tsorona kada ruwan damina ya bi ramin ya jiƙa lakar. Ko ƙarfen ratayewa marar hannu zai zauna?